Nisa, haske da inuwa a zanen titi

Titi yana daga cikin abubuwa mafi wuyar zanawa, domin tarin abubuwa ne da ba sa zama wuri guda. Tulu ko kujera ana iya ajiye su a gaba a yi ta kallo har a gama. Titi kuwa ya haɗa gine-gine dogaye da gajeru, da turakun lantarki, da rumfuna, da ababen hawa, da mutanen da kowa ke harkar gabansa, kuma duk suna ƙarƙashin ranar da ita ma tafiya take yi. Ga takarda shimfiɗaɗɗiya, tana da tsawo da faɗi amma ba ta da zurfi. Aikin mai zane shi ne ya sa idon mai kallo ya yarda cewa zai iya shiga cikin takardar ya taka har ƙarshen layi. Abubuwa biyu ke ɗauke da wannan nauyi. Na farko ka'idar nisa da kusa, wadda ke tsara girman kowane abu da mazauninsa. Na biyu haske da inuwa, waɗanda ke ba abu jiki, su kuma dasa shi a ƙasa. Dukansu suna farawa ne daga sanin inda idon mai zane yake da inda rana take.

Layin ido

Kafin a ja layin gini ko ɗaya, akwai wani layi da ba a ganinsa a titi, amma shi ke mulkin zanen baki ɗaya. Layi ne kwance wanda ya yi daidai da tsayin idon mai zane daga ƙasa. A fili fetal, inda babu gini babu tudu, shi ne inda ake ganin kamar sama ta haɗu da ƙasa. A cikin gari gine-gine sun rufe shi, sai an nemo shi. Mai zane zai miƙe hannu, ya riƙe fensir a kwance daidai idanunsa, ya duba inda ya ratsa, ko ta tsakiyar ƙofar shago ko ta ƙasan taga. Abin da ke ƙasa da wannan layi samansa ake gani, abin da ke bisa da shi kuma ƙasansa ake gani. Shi ya sa wanda ke tsaye yake ganin kayan da ke kan teburin mai tireda, amma idan ya ɗaga kai cikin rufin rumfar yake gani, ba bayan kwanon ba.

Amfanin layin ya fi fitowa wajen zana mutane. Idan mai zane yana tsaye a titin da ba shi da gangara, kawunan manyan mutane duka, na kusa da na nesa, suna faɗawa ne kusan a kan layin idonsa. Ƙafafunsu ne ke hawa sama a takarda gwargwadon nisansu. Mutumin da ke nesa ƙarami ne, amma kansa yana sahu ɗaya da na kusa. Sabon mai zane yakan yi akasin haka, ya jera ƙafafu a layi ɗaya ya riƙa rage tsawo, sai taron ya fito kamar manya sun fito da yara. Idan kuwa a kan benci yake zaune, layin zai sauko ya ratsa mutane wajen ƙugu, su yi masa tsawo. Idan daga bene yake leƙowa, duk kawuna suna ƙasa da layin, titi ya buɗe ya cinye rabin takarda ko fiye. Irin wannan kallo daga sama shi ne na hoton Kano da ya fito a littafin tafiye-tafiyen Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya shiga birnin a 1851. Daga kan dutsen Dala aka ɗauko kallon, kuma wani mai zane, Johann Martin Bernatz, shi ya gyara zanen Barth don bugawa. Daga can sama ana ganin shimfiɗar gari da tsarinsa, amma an yi nesa da hayaniyar cikinsa.

Inda layuka ke haɗuwa

Wanda ya tsaya a tsakiyar miƙaƙƙen titi ya dubi ƙarshensa zai ga gefen kwalta, da kwata, da ƙasan gine-gine, da saman ƙofofi, da bakin rufi, da wayoyin lantarki, duk sun nufi ɗigo guda a kan layin ido. Layukan da ke sama da ido gangarowa suke yi, na ƙasa da ido kuma hawa suke yi. Layukan da ke tsaye suna nan a tsaye, haka ma bangon da ya fuskanci mai zane kai tsaye ba ya karkacewa. Wannan shi ne tsari mai mahaɗa ɗaya, kuma shi ya fi dacewa da lungu, da layin kasuwa, da duk titin da ake kallo ta tsawonsa.

Idan kusurwar gini ce ta fuskanci mai zane, kamar shagon da ke kan kwana, bango ɗaya zai gudu hagu ɗaya ya gudu dama, kowanne da tasa mahaɗar a kan layin ido guda. Sau da yawa mahaɗun biyu suna can wajen takarda. Wanda ya matso da su ciki don sauƙin aiki zai samu gini mai tsini wanda babu maginin da ya taɓa yin irinsa. Mahaɗa ta uku tana shigowa ne idan an ɗaga kai ana kallon dogon abu daga gindinsa, kamar hasumiyar masallaci, inda layukan tsaye su ma suke tsukewa yayin da suke hawa.

Babban abokin gabar mai zane a nan shi ne abin da ya riga ya sani. Ya san bangon gefen can dogo ne, yana da shaguna shida, don haka hannu yakan ba shi fili mai yawa. A ido kuwa shagunan shida ba su fi faɗin ƙofa ɗaya ta kusa ba. Maganin abin shi ne awo: a miƙe hannu, a rufe ido ɗaya, a ɗauki tsawon wani abu da babban yatsa a jikin fensir, misali ƙofa, a riƙa gwada sauran abubuwa da ita. Haka ma karkatar rufi, a jingina fensir a kanta a iska, sannan a sauko da shi kan takarda ba tare da an juya hannu ba. Tsakiyar bangon da ke gudu nesa ba a samunta da rula. Sai a ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, inda suka gitta nan ce tsakiya, kuma kullum rabin da ke nesa ya fi ƙanƙanta. Turakun lantarki ma tazararsu raguwa take yi da sauri fiye da yadda ake zato. Da'ira kuwa, taya ce ko bakin duro ko farantin mai talla, da zarar ba ta fuskanci ido kai tsaye ba sai ta matse ta zama mai siffar ƙwai, kuma idan a kwance take tana ƙara matsewa ne yayin da take kusantar layin ido.

Asalin ka'idar

Tushen wannan ilimi yana cikin nazarin gani. Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rayu a Alƙahira, ya kafa hujja a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke tasowa daga abubuwa ya shiga ido a miƙaƙƙun layuka, saɓanin tsohon ra'ayin da ke cewa ido ne ke fitar da haske. An fassara littafin zuwa Latin, malaman Turai suka yi ta karatunsa, kuma Lorenzo Ghiberti, masassaƙin birnin Florence a Italiya, ya ɗebo daga cikinsa a nasa rubutun.

A wannan birni na Florence ne, a farkon ƙarni na 15, magini Filippo Brunelleschi ya mayar da nazarin ya zama aikin hannu. Abin lura shi ne gwajinsa na farko zanen dandalin gari ne. Ya tsaya daga cikin ƙofar babbar majami'ar birnin ya zana ginin da ke fuskantarta a kan ƙaramin allo. Ya huda allon daidai mahaɗar layuka. Mai kallo zai leƙa ta ramin daga bayan allo, yana riƙe da madubi a gaba, sai ya ga zanen a cikin madubin. Idan ya janye madubin ya ga ainihin ginin, kuma layi ya hau kan layi. A gurbin sararin sama ya shafa gogaggiyar azurfa, don gajimaren gaske ya riƙa wucewa a cikin hoton. Allon ya ɓace, labarinsa ya iso ne ta hannun Antonio Manetti, wanda ya rubuta tarihin maginin. A 1435 Leon Battista Alberti ya rubuta ka'idar a littafi, inda ya ɗauki hoto a matsayin taga da ake leƙa duniya ta cikinta daga wuri guda.

Ba ita kaɗai ce hanya ba. Tun a ƙarni na 12, Zhang Zeduan na ƙasar Sin ya zana rayuwar birni a bakin kogi a kan naɗaɗɗen siliki mai tsawon fiye da mita 5, da gada, da jirage, da shaguna, da ɗaruruwan mutane. Babu mahaɗa guda a ciki. Ana warware shi ne kaɗan-kaɗan, ido yana tafiya tare da titin, kuma layukan gine-gine suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa. Tsarin Florence yana nuna abin da mutum ɗaya ya gani daga inda ya tsaya, na Sin kuma yana nuna abin da mai yawo ya tarar. Kowanne da abin da yake iya faɗa.

Wanda ke son ganin tsarin Turai a cikakken ƙarfinsa sai ya dubi hoton titin Paris a ranar ruwa da Gustave Caillebotte ya yi a 1877, wanda yanzu yake gidan adana zane na Chicago. Faɗinsa ya kusa mita 3. Mahaɗar tituna ce a sabuwar unguwa daga cikin waɗanda aka gina bayan wani mai tsara birni, Haussmann, ya rusa tsoffin lungunan birnin ya fitar da manyan hanyoyi. Koren turken fitila ya raba hoton gida biyu daga sama zuwa ƙasa, layin ido kuma ya raba shi a kwance, ya bi ta kawunan masu tafiya, na kusa da na nesa. A hagu wani gini mai kusurwa ya tsaga tituna biyu, kowanne ya nufi tasa mahaɗar. Duwatsun da aka shimfiɗa a ƙasa manya ne a gaba, suna ƙanƙancewa har su narke su zama launi ɗaya. A dama mace da namiji suna tahowa ƙarƙashin laima ɗaya, wani mutum kuma bakin hoton ya yanke rabinsa, kamar yanzu ya gifta mai kallo.

Tsohon gari ba ya bin rula

Titunan Haussmann da rula aka fitar da su, shi ya sa ka'idar ta zauna musu daram. Lungunan cikin birnin Kano ko Zariya ko Damagaram ba haka suke ba. Kwararo yana lanƙwasa, ya tsuke, ya buɗe a ƙofar wani zaure, ya sake karyawa. Bangon ƙasa da aka ɗora da tubali yana da kauri a gindi yana sirancewa a sama, don haka ko a zahiri ba a tsaye cak yake ba, kuma damina ta sha cin kafaɗunsa. Duk da haka ka'idar ba ta faɗi ba. Kowane yanki na lungu yana da tasa mahaɗar, kuma muddin ƙasa a shimfiɗe take, duk mahaɗun suna kan layin ido ɗaya, suna matsawa hagu ko dama yadda hanya ta juya. Idan hanya ta hau tudu, mahaɗar gefunanta tana sama da layin ido, idan ta gangara tana ƙasa da shi, amma ƙofofi da tagogi suna nan suna bin layin ido domin a kwance aka gina su. A irin wannan wuri gara a sa layukan jagora da fensir mara ƙarfi, sannan a ajiye rula a bar hannu ya bi bangon yadda yake. Ginin ƙasa da aka zana da rula yakan fito kamar na bulo da siminti, kuma an yi asarar abin da ya sa aka tsaya zana shi.

Inda rana take

Zanen da layukansa suka yi daidai amma babu inuwa, komai na cikinsa yana shawagi ne. Mota ba ta taka kwalta ba, mutum bai taka ƙasa ba. Ɗan duhun da ke ƙarƙashin taya ko tafin ƙafa shi ke sauke su.

Inuwa ma tana bin ka'idar nisa. Saboda nisan rana, haskenta yana sauka a layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, don haka inuwoyin turaku da mutane a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suna da tasu mahaɗar a kan layin ido. Idan rana tana gaban mai zane, mahaɗar tana daidai ƙarƙashinta, inuwoyi suna tahowa wajensa suna bajewa, gine-gine da mutane kuma sun yi duhu sai gefensu ke walƙiya. Idan tana bayansa, inuwoyi suna gudu gaba, komai ya haskaka, amma hoton yakan rasa zurfi. Idan tana gefe, inuwoyi suna kwanciya a gicciye, bango ɗaya a haske ɗaya a duhu. Wannan na ƙarshe ya fi fito da siffar gini, kuma shi ya kamata mai koyo ya fara nema.

Tsawon inuwa ya dogara da tsayin rana. Idan ta kai digiri 45 daga ƙasa, inuwar abu daidai take da tsawonsa. Masu duba lokacin salla da inuwa sun daɗe da sanin wannan awo, tunda la'asar tana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da abin da ya rage lokacin zawali. A nan ne littattafan koyon zane da aka rubuta a Turai suke iya ɓatar da mai koyo a ƙasar Hausa. Paris tana wajen digiri 49 arewa da tsakiyar duniya, kuma a watan Disamba ranar tsaka ba ta wuce digiri 18 a can, inuwar mutum ta ninka tsawonsa sau uku. Kano tana digiri 12. Ko a Disamba ranar tsaka tana kai wajen digiri 55, inuwa ba ta kai tsawon mai ita ba. Sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta, rana tana bi ta tsakar ka, inuwa ta taru a ƙarƙashin ƙafa. Tsakanin waɗannan lokuta biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗawa, sauran shekara kuma arewa.

Saboda haka titin tsakar rana a nan yana da nasa tsarin. Ƙasa da rufin kwano su ne mafi haske, bango ya fi su duhu, baƙi ƙirin kuma yana ƙarƙashin rumfa, da bakin zaure, da ƙasan mota. Indararo yana sauke doguwar inuwa a jikin bango, zanen da aka yi wa fuskar soro da ƙasa yana fitowa ɓaro-ɓaro saboda haske yana gogar bangon daga sama. Mutane ma suna bin inuwa ne, ana samunsu a jere a gindin bango da ƙarƙashin dalbejiya, tsakiyar titi fayau. Mai son dogayen inuwoyi sai ya fito da hantsi ko bayan la'asar. Kuma ya yi sauri, domin rana tana matsawa digiri 15 a kowace sa'a. Hanyar da ta fi ita ce a gama tsarin gine-gine tukuna, sannan a shata iyakar duk inuwoyi a lokaci ɗaya cikin 'yan mintoci, a tsaya a kan hakan ko da rana ta matsa. Zanen da inuwar hagunsa ta hantsi ce ta damansa kuma ta azahar, ko wanda bai san zane ba zai ji wani abu bai yi daidai ba.

Inuwa iri-iri ce. Akwai ta jikin abu, wato ɓangaren da ya juya wa rana baya, akwai kuma wadda abu ya jefa a ƙasa ko a bango. Ta biyun ta fi duhu da kaifi a gindin abin, tana laushi yayin da take nisa da shi. Idan ta isa gindin bango sai ta karye ta hau, idan ta faɗa kwata ta sauka ta sake fitowa, kuma ta haka take bayyana siffar ƙasar da ta kwanta a kai. Cikin inuwa ba baƙi ba ne zalla. Jar ƙasar da rana ta buga tana mayar da haske mai ɗumi zuwa bangon da ke inuwa, sararin sama kuma yana zuba masa ɗan shuɗi daga bisa. Kafin a shiga wannan dalla-dalla, sai a ƙanƙance ido har ƙananan abubuwa su ɓace, a raba titin gida uku: fari, matsakaici, baƙi. Farin takarda shi ne haske mafi ƙarfi da mai fensir ko tawada yake da shi, kuma in ya ɓata shi ba ya dawowa yadda yake.

Wanda ya ƙware yana iya karya doka da gangan. Edward Hopper na Amurka ya zana jerin shaguna na jan bulo da sanyin safiya a 1930, babu mutum ko ɗaya, sai famfon kashe gobara da sandar shagon aski, kowanne da doguwar inuwa kwance a tsawon titin. Titin da ya ce ya zana a New York daga kudu zuwa arewa ya miƙe, don haka ranar safe ba za ta jefa inuwa ta wannan fuska ba. Amma duk inuwoyin hoton sun yarda da juna, shi ya sa ido bai yi gardama ba.

Hazo, ruwa da dare

Iska ma tana nuna nisa. Abin da ke nesa yana kodewa, bambancin haskensa da duhunsa ya ragu, gefunansa su yi laushi. Leonardo da Vinci ya yi rubutu a kan haka yana duban tsaunuka masu nisa. Da hunturu, idan hazo ya sauka, ana ganin abin a cikin layi ɗaya: babur na kusa baƙi ne mai kaifi, na bayansa toka-toka, ginin ƙarshen titi kuwa sai alamarsa. Inuwa takan yi rauni ko ta ɓace, nauyin nuna zurfi ya koma kan matakan toka. Layi mai kauri da cikakken bayani na gaba ne, na baya a taɓa shi sama-sama.

Bayan ruwan sama kwalta tana zama madubi, kuma hoton abu a ruwa daban yake da inuwarsa. Inuwa tana gudun rana, tana iya faɗawa kowane gefe. Hoton cikin ruwa kuwa kullum yana sauka ne kai tsaye ƙarƙashin abin, ya nufo mai kallo. A hoton Caillebotte, da yake sama a lulluɓe take, ɗan duhu da sheƙin jiƙaƙƙen dutse a ƙarƙashin ƙafafu su ne suka riƙe mutanen a ƙasa.

Da dare tsarin yana juyewa. Camille Pissarro ya zana babban titin Montmartre na Paris fiye da sau goma a 1897 daga tagar otal ɗaya, a yanayi daban-daban, kuma a na daren, wanda ke London, gine-ginen sun kusa ɓacewa, jerin fitilu ne kaɗai ke jan ido zuwa mahaɗa. Fitila tana kusa, don haka inuwoyinta ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa irin na rana. Suna bazuwa ne ta kowane gefe daga ɗigon da ke ƙasa daidai ƙarƙashinta, suna ƙara tsawo yayin da abu ke nisa da ita. Ƙarfinta kuma yana faɗuwa da sauri, wanda ya ninka nisansa daga fitila rubu'in hasken yake samu. A teburin mai shayi, fuskar mai shayin da gwangwanayen madara da burodin da ke gabansa suna cikin haske sosai, masu zama a benci rabin jikinsu ne ya samu, mai wucewa ta bayansu kuwa duhu ne a kan duhu. Inda fitilu suka yi yawa, mutum ɗaya yana iya samun inuwa biyu ko uku, sai mai zane ya zaɓi fitila ɗaya ta zama babba, ya rage ƙarfin sauran. Masu aikin dare da yawa sukan fara da shafe takardar duka da gawayi, sannan su riƙa ciro haske da magogi, daga fitilar zuwa abin da ke kusa da ita.